Naman kazan gezar zaki da mantuwar Inna: in saya ko in bari?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar makaranta ce a unguwar Zariya, nan Maradi. Mahaifiyata ta haura shekara saba'in, kuma tun bara mantuwa ta yi mata yawa. Takan ajiye kuɗi ta ce an ɗauke, ta maimaita tambaya ɗaya ta sake maimaitawa, ranar nan har ta bar tukunya a wuta ta ƙone. Ƙanena da ke Kano ya turo mini bidiyo ta WhatsApp na wasu ƙwayoyi da ake yi da wani naman kaza, a jikin kwalbar an rubuta Lion's Mane, wai suna sa ƙwaƙwalwa ta sake tsiro. Kwalba ɗaya jika ashirin. Gaskiya ne? In saya mata? Ɗana da zai zauna jarrabawar BAC bana shi ma ya ce yana so.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Inna lafiya, ke kuma ya ba ki ladar ɗawainiya. Fannina ilimin magunguna ne, kuma tambayar nan ta yawaita a ƴan shekarun nan, har daga bakin ma'aikatan lafiya, don haka ki yi haƙuri zan ɗan tsawaita.

Ga matsayina tun farko, don kada ki jira ƙarshe. Naman kazan akwai shi, sinadaran da ake magana a kansu akwai su, kuma masana na ƙwarai sun fi shekara talatin suna bincike a kansu. Sai dai har yau babu hukumar magunguna a Japan ko Amurka ko Turai da ta amince da shi a matsayin maganin ciwon mantuwa. Da ni ke riƙe da jika ashirin ɗin nan, wajen ganin likita da awon jini zan fara kai su.

Sunansa na kimiyya Hericium erinaceus. Fari ne, dunƙulalle, ba shi da laima irin ta naman kazan da muka saba gani; zaruruwa ne farare ke reto daga jikinsa, shi ya sa ake ce masa gezar zaki, wato Lion's Mane ɗin da ke jikin kwalbar. Yana fita a jikin tsofaffin itatuwa da matattu a dazuzzukan ƙasashen sanyi na Asiya da Turai da Arewacin Amurka. Mutanen Sin da Japan sun daɗe suna cin sa, kuma a maganin gargajiyar Sin an fi sanin sa da gyaran ciki. Yanzu noma shi ake yi a cikin ɗakuna, a kan garin katako. Ba ya fita a dajinmu, kuma wannan magana ce da nake so ki kai wa mutanen gida: kada wani ya ji an ce naman kaza na gyara ƙwaƙwalwa, ya shiga tsintar laimar kwaɗin da ke fitowa da damina a bakin gulbi ko kan juji. A cikinsu akwai masu sa amai da zawo mai tsanani, a duniya kuma akwai masu kashe hanta, kuma dafuwa ba ta karya dafin irin waɗannan.

Abin da ya jawo hankalin masana gare shi ya faro ne daga wani wuri daban. A shekarun 1950, wata masaniya ƴar Italiya, Rita Levi-Montalcini, tare da Stanley Cohen a Amurka, suka gano wani furotin da jiki ke yi wanda ke raya wasu ƙwayoyin jijiya, ya hana su mutuwa, ya sa su miƙa rassa su haɗu da ƴan uwansu. Ana taƙaita sunansa da NGF, kuma a kansa aka ba su kyautar Nobel a 1986. A can ƙasan gaban ƙwaƙwalwa akwai wani rukunin ƙwayoyi masu samar da sinadarin asetilkolin, wanda riƙe sabon abu a kai ya dogara da shi ƙwarai. Ƙwayoyin nan suna bukatar NGF don su rayu, kuma suna cikin waɗanda ke fara lalacewa a cutar Alzheimer, wadda ita ce ke haddasa kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na ciwon mantuwar tsufa. Sai masana suka ce, to, in aka ƙara wa ƙwaƙwalwa NGF, wataƙila a ceci ƙwayoyin.

Ƙarawar ce ke da wuya. NGF furotin ne mai girma. In an haɗiye shi ciki zai narkar da shi, in an yi allurarsa a jini ba zai shiga ƙwaƙwalwa ba, domin akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa mai tace abin da zai wuce. Kamar shingen duwan ne, wato kwastan, na Ɗan Isa a kan iyaka: mai ɗan ƙunshi a hannu yakan wuce, tirela kuwa sai ta kwana. Don haka aka koma neman ƙaramin sinadari da zai iya ƙetarawa ya sa ƙwaƙwalwar ta yi NGF ɗinta da kanta.

A nan gezar zaki ta shigo. A farkon shekarun 1990, Hirokazu Kawagishi da abokan aikinsa a jami'ar Shizuoka ta Japan suka ciro wasu sinadarai daga kan naman kazan, wato ɓangaren da ke fitowa fili ake ci, suka sa musu suna herisinon. A 1994 suka ciro wasu daga saƙar zaren da ke ɓoye cikin itace, wadda ita ce ainihin jikin abin, suka ce musu erinasin. Da suka zuba su a kan ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera da ake reno a faranti a ɗakin gwaji, sai ƙwayoyin suka ƙara fitar da NGF, kuma erinasin ya fi ƙarfi. Ki riƙe bambancin nan, herisinon a kai, erinasin a zare, domin zai dawo mana in mun zo kan kwalbar. Daga baya, a 2005, aka ba ɓeraye erinasin A ta baki, aka samu NGF ya ƙaru a wasu sassan ƙwaƙwalwarsu, har da sashen da ke kula da riƙe sabon abu. Shi kuwa herisinon labarinsa bai miƙe haka ba: a wani gwaji na 2008 da aka yi da ƙwayoyin da suka fito daga ɗan Adam, ruwan naman kazan gaba ɗaya ya yi aiki, amma herisinon C da D da E da aka ware su kaɗai ba su yi ba. Ke nan har yanzu ana gardama a kan wane sinadari ne ke aikin.

Maganar "ƙwaƙwalwa ta sake tsiro" da kika ji a bidiyon, mafi yawanta daga wani aiki ne na jami'ar Queensland ta Ostareliya da ya fito a 2023, ƙarƙashin Frédéric Meunier. Sun nuna cewa wasu sinadarai biyu na naman kazan, ɗaya sunansa herisin A, suna sa ƙwayoyin jijiya a faranti su miƙa rassa masu tsawo, kuma ɓerayen da aka ba su sun fi tuna abin da suka taɓa gani. Aiki ne mai kyau, ban raina shi ba. Amma tsiron a faranti aka gan shi, ƙarƙashin madubin ƙara girma, kuma masu tunawar ɓeraye ne. Mai tallan ya ɗauki hoton farantin, ya liƙa shi a kan hoton tsohuwa tana murmushi.

Me ya sa nake jan kunne a kan ɓera? Domin a fannin nan ɓera ya sha ba mu kunya. Wani lissafi da aka buga a 2014 ya nuna cewa tsakanin 2002 da 2012 an gwada sinadarai 244 a kan masu cutar Alzheimer, ɗaya tak ya samu amincewa. Da yawansu sun yi abin mamaki a jikin ɓeraye kafin a kai ga mutane. Shi kansa NGF an taɓa kai shi ƙwaƙwalwar mutane kai tsaye. A Suwidin, a shekarun 1990, an ɗura shi ta bututu a kan marasa lafiya uku, aka dakata saboda ciwon baya da ramewa. A Amurka kuma an yi tiyata aka dasa ƙwayar gadon da ke umartar jiki ya yi NGF a ƙwaƙwalwar wasu, a gwajin mutum 49 da sakamakonsa ya fito a 2018, ba a ga amfani ba, ko da yake daga baya an gano bai kai daidai inda aka nufa ba. Don haka zancen "yana ƙara NGF" shi kaɗai bai isa hujjar warkewa ba.

Mu zo kan mutanen da suka sha naman kazan kansa. Gwajin da kowane ɗan talla ke kafa hujja da shi, shi ne na Japan na 2009, na Koichiro Mori da abokansa. Sun ɗauki mutum 30, masu shekara 50 zuwa 80, waɗanda mantuwarsu ƙarama ce, ba ta kai ga hana su harkokin yau da kullum ba. Aka raba su gida biyu. Rabi suna shan ƙwayoyin garin naman kazan, huɗu sau uku a rana, giram 3 ke nan a wuni. Rabi suna shan ƙwaya mai kama da ita wadda babu komai a cikinta, kuma ba mai shan ba mai awon da ya san wa ke shan wacce. Wannan tsari ne mai kyau, haka ake so. A mako na 8 da na 12 da na 16, masu shan na gaskiyar sun fi samun maki a gwajin tunani na Hasegawa, mai maki 30. Da aka daina ba su, bayan mako huɗu makin ya sauka.

Abu uku nake so ki lura da su a nan, kuma ke malama ce, kin san aikin maki. Mutum goma sha biyar a kowane gida ƙaramin aji ne. In biyu ko uku suka tashi da ƙafar dama ranar gwaji, sun isa su ɗaga matsakaicin ajin. Sannan saukar makin bayan an daina sha tana nuna cewa, in ma akwai amfani, ba gyara ne na dindindin ba, balle a ce an juya cutar baya. Na uku, jagoran binciken a ɗakin gwajin wani kamfanin noman naman kaza yake aiki. Hakan bai sa aikin ya zama ƙarya ba, kusan duk magani da kuɗin kamfani ake fara gwada shi, amma ƙa'ida ita ce wasu da ba su da riba a ciki su maimaita shi da ɗaruruwan mutane. Shekara sama da goma sha biyar ke nan, irin wannan babban gwajin bai fito ba.

Waɗanda suka biyo baya duk ƙanana ne. A 2019 wani gwajin Japan mai mutum talatin da ɗan kai, na mako 12, ya samu ci gaba a gwajin tunani ɗaya, sauran biyun ba bambanci. Wanda ya fi kusa da halin Inna shi ne na Taiwan na 2020, domin masu cutar Alzheimer a matakin farko aka ɗauka, ƙasa da mutum 50, aka ba su saƙar zaren da aka reno ta musamman don erinasin A ya yawaita a cikinta, ƙwaya uku a rana har mako 49. Masu shan sun ɗan fi riƙe iya ayyukan gida, amma a yawancin sauran awon ba a ga tazara mai ƙarfi tsakanin gida biyun ba, wasu kuma sun bari saboda ciwon ciki da tashin zuciya da ƙuraje. Su kansu masu aikin gwajin share fage suka kira shi, kuma nan ma da hannun kamfanin da ke yin kayan.

Batun ɗanki gajere ne. A 2023 jami'ar Northumbria ta Ingila ta gwada shi a kan mutum 41 masu lafiya, ƴan shekara 18 zuwa 45, giram 1.8 a rana har kwana 28. Sun ɗan fi sauri a gwaji ɗaya awa guda bayan shan farko, sauran gwaje-gwajen ba abin a zo a gani. Babu BAC a cikin wannan. Yaron ya yi barci isasshe, domin cikin barci ƙwaƙwalwa ke ajiye abin da aka karanta. Ya karya kumallo. In yana yawan kasala a duba ko jininsa ya yi ƙasa ko zazzaɓin cizon sauro ne ke cin sa. Ya riƙa rufe littafi yana kawo darasin da ka, yadda ake tilawa a makarantar allo, don an tabbatar hakan ya fi sake karantawa sau goma. Kuma ki sa ido kada abokai su ba shi tramol ko wata ƙwayar hana barci da sunan taimakon karatu. Wannan ya fi damuna a kansa fiye da naman kaza.

Kada ki ɗauka ina raina abin da ya fito daga dangin naman kaza. Fenisilin daga cikinsu ya fito, haka siklosforin da ake ba wanda aka dasa wa ƙoda, haka maganin kitsen jini na farko. Akwai ma na jijiya: fingolimod, da ake ba masu wata cuta da ke cin rigar jijiyoyi, an samo asalinsa daga wani naman kaza da ke fita a jikin ƙwari. Amma dubi hanyar da ya bi. An ware sinadarin, an gyara shi a farkon shekarun 1990, an san adadin da ake sha, an yi manyan gwaje-gwaje biyu kowanne da mutum sama da 1,200, sannan aka amince da shi a 2010. Erinasin na iya bin wannan hanya wata rana, ina ma fatan haka. Yanzu dai yana farkonta.

Sai kwalbar da ƙanenki ya gani. Irin waɗannan kayan a matsayin ƙarin abinci ake sayar da su, kuma a Amurka, inda da yawansu ke fitowa, dokar 1994 ba ta tilasta wa mai yin su ya nuna suna aiki kafin ya kai kasuwa ba. Wasu garin kan naman kazan ne, waɗannan kusan ba erinasin a cikinsu. Wasu saƙar zaren ce da aka reno a kan shinkafa ko wani hatsi, aka niƙe su tare, don haka kaso mai yawa na abin da ke cikin ƙwayar garin hatsi ne. Kaɗan ne ke rubuta adadin erinasin. Ga kuma lissafi: in kwalbar mai ƙwaya 60 ce, kowace miligiram 500 na gari, to kafin a kai giram 3 na gwajin Japan sai an sha shida a rana. Kwalbar kwana goma za ta yi, wata guda ya tashi jika sittin. Wannan in abin da aka rubuta shi ne a ciki, kuma in bai sha ranar Afrilu a bayan mota daga Kano zuwa Jibiya zuwa nan ba. Kayan da ya bi ta hannun ƴan talla, ba farmasi ba, babu wanda za ki riƙe in ya zo da matsala.

Ta fuskar illa, a gwaje-gwajen nan bai nuna haɗari mai yawa ba, abinci ne tun asali. An dai samu ciwon ciki da ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma likitoci a Japan sun ba da rahoto a 2003 na wani dattijo da numfashinsa ya sarƙe sosai bayan ya yi watanni yana shan sa. A ɗakin gwaji an ga yana rage daskarewar jini, a jikin dabbobi kuma yana saukar da sukari. Don haka mai shan asfirin kullum ko wani maganin tsinka jini, da mai shan maganin sukari, da mai asma, da mai jiran tiyata, kada su fara sai da sanin likita. Mai ciki da mai shayarwa su bar shi, ba a gwada shi a kansu ba.

Yanzu bari in koma kan Inna, don ita ce maganar. Abin da kika lissafa, ɓatan kuɗi da zargi, maimaita tambaya, barin tukunya a wuta, ya wuce mantuwar "ina na ajiye carbina". Mu nan da mun ga haka sai mu ce tsufa ne, ko gigin tsufa, wasu su ce sammu ko iska. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma cikin dalilan akwai waɗanda ake gyarawa da kuɗin da bai kai na kwalbar ba. Ƙarancin bitamin B12 na kawo mantuwa da jin ƙafafu suna mutuwa. Yana yawa ga tsofaffin da haƙori ya hana su nama suka koma fura da koko, da masu shan maganin sukarin nan metformin shekara da shekaru. Ƙarancin aikin halittar maƙoshi, wadda in ta kumbura ake ce wa maƙoƙo, na sa mutum sanyin jiki da sanyin tunani, awon jini ɗaya ke nuna shi. Baƙin ciki mai tsanani, musamman bayan rasuwar miji ko ɗa, yakan zo wa tsoho da kamannin mantuwa. Rashin ji ma haka: wadda ba ta ji amsar da aka ba ta ba dole ta sake tambaya. Sai magunguna, kuma nan ne fannina ya fi shafa. Diyazefam da sauran ƙwayoyin barci, tramol, wasu magungunan mura da ƙaiƙayi masu sa gyangyaɗi, duk suna dagula tunanin tsoho, wasunsu ma asetilkolin ɗin da muka ambata suke toshewa. Sau da yawa tsohuwa na shan irin waɗannan daga hannun mai tallan magani a faranti, ƴaƴanta ba su sani ba. In kuma ta taɓa faɗuwa ta bugu a kai, ko da watanni biyu ne baya, jini na iya taruwa a hankali ƙarƙashin ƙoƙon kai, kuma tiyata na fitar da shi.

Babba a cikinsu a wurinmu shi ne hawan jini, tansiyo. Yana lalata ƙananan hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa shiru, ya yi ta haddasa ƙananan toshewa da ba a gani, har tunani ya fara raguwa mataki-mataki. Kwatanta nauyin hujja: gwajin gezar zaki mutum 30 ne, gwajin hawan jini na Amurka da aka fitar da sakamakonsa na ƙwaƙwalwa a 2019 mutum 9,361 ne, kuma ya nuna saukar da jini sosai ya rage kamuwa da ƙaramar mantuwa da kusan kashi 19 cikin ɗari. Kwamitin masana na mujallar Lancet a rahotonsa na 2024 ya lissafa abubuwa 14 da in an magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na ciwon mantuwa, ciki har da hawan jini, sukari, kitsen jini, rashin ji, rashin gani, taba, rashin motsa jiki, kaɗaici, bugun kai da gurɓatacciyar iska. Naman kaza ba ya cikin jerin. Wannan sashen ke ma ya shafe ki, Malama, da ƙanen naki, domin tansiyon shekara arba'in da hamsin shi ke biyan bashinsa a saba'in. A auna, a rage gishiri da dunƙulen magi a miya, wanda aka ɗora a kan magani ya riƙa sha kullum, ba sai kai ya sara ba. Adadin da za a saukar wa tsohuwa kuwa likita ne zai yanke, don in ya sauka da yawa jiri zai kayar da ita.

In an duba duka aka ce Alzheimer ce, akwai magunguna irin su donefezil, da aka amince da shi tun 1996, da memantin. Ba sa warkarwa, sukan ɗan riƙe mutum na wani lokaci, kuma suna da tasu illar, donefezil na rage bugun zuciya. Abin da ya fi sauƙaƙa rayuwa a gida yake. In ta ce an sace mata kuɗi, kada a yi gardama da ita, kuma don Allah kada a kama ƴar aiki ko suruka ko jika da laifi a kan maganarta. Aure ya sha mutuwa a kan wannan. A ce mata "bari mu duba tare", a koyi wuraren da take ɓoye abu. A raba ta da wuta da gas cikin dabara, amma a bar mata tsinkar zogale da tsintar wake da sauran abin da hannunta ya saba. A riƙa kai ta suna da biki, a zauna hira da ita, a bar ta da karatunta da wuridinta, don abin da aka haddace tun ƙuruciya shi ke daɗewa bai tafi ba. A ɗinka lambar wayarki a jikin mayafinta saboda ranar da za ta fita ta kasa gane hanya. Addu'a kuwa ba ta hana zuwa asibiti, a haɗa su.

Akwai alamun da ba a jira da su: ruɗewa da ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu, zazzaɓi, karkacewar baki, sanyin hannu ko ƙafa na gefe ɗaya, sarƙewar magana, ko barcin da ba a iya tashinta. Wannan asibiti ne a take, ko da tsakar dare.

In bayan an yi duk wannan iyali suna da hali kuma suna son gwadawa, ban ce haramun ba ne. Sharaɗina: likitanta ya sani, kuma kada a ajiye wani maganinta saboda shi. A nemi kwalbar da ke ɗauke da cikakken sunan kimiyyar, da ɓangaren da aka yi amfani da shi, kai ko zare, da nauyin kowace ƙwaya, da lambar rukunin da aka yi ta, da ranar lalacewa, da adireshin kamfani. Wadda aka rubuta tana maganin mantuwa da sukari da kansa da ƙarfin maza gaba ɗaya, a bar wa mai ita. Kafin a fara, ki rubuta a littafi abin da Inna ke iyawa yau: tana gane jikoki da sunansu, tana cika raka'o'in salla, tana iya ƙirga canji. Bayan wata huɗu ki sake dubawa, domin mai wannan ciwo tana da ranar daɗi da ranar wuya, kuma wanda ya kashe kuɗi idonsa ranar daɗin yake gani. In ba canji a littafin, a daina. In ƙuraje ko tari ko sarƙewar numfashi suka zo, a daina a ranar.

Ki fara da asibitin unguwa, su auna tansiyo da sukari, in da bukata su tura ku babban asibitin jiha ko na Referans. Ku je da safe, lokacin da hankalinta ya fi zama. Wanda ke kwana gida ɗaya da ita ya raka ta, don shi zai ba da labarin da ita ba za ta iya ba: yaushe abin ya fara, a hankali ya zo ko farat ɗaya, ta taɓa faɗuwa ko a'a. Ki zuba duk abin da take sha a leda ɗaya ki tafi da shi, na farmasi da na talla da na gargajiya, har wanda ke ƙarƙashin katifarta. Ki roƙi a duba yawan jini da B12 da aikin maƙoshi da ƙoda, a leƙa kunnenta da idonta, likitan kuma shi zai ce ko ana bukatar hoton kai.